Zanen da Ba a Ɗaurawa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai na aikin nan, ba na jin zai iya kwashe Asabar ɗin da matan La Courneuve, wata unguwa a gefen Paris, suka sauka a ƙofar gidan tarihinmu na Lyon, kowace da jakar sayayya a hannu. Ku abokan aikina, sababbinku sun sha jin guntun labarin a wajen shan kofi, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Har na ji an ce wai sai da 'yan sanda suka zo. Ba ɗan sandan da ya zo. Bari in ba ku shi yadda ya faru.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, ma'aikatan gidan tarihi hawa-hawa ne. A sama akwai masanan da ke kula da kayan, su ke yanke abin da za a rataya da inda za a rataya shi. Sai sashen baƙi, inda masu bayani suke, waɗanda a nan ake ce wa gid. Daga ƙasa sai masu gadin ɗaki, masu tsayuwa a kusurwa da baƙar kwat suna cewa a ja da baya. A wannan matakin na ƙarshe na fara, a wani gidan tarihi na Paris, bayan na zo daga Damagaram da sunan karatu. Na daɗe a kansa har jijiyoyin ƙafata suka fito. Amfanin da na ci ɗaya ne: mai gadi yana jin bayanin kowane gid kyauta, safe da yamma, har ya gane wanda ya san abin da yake faɗa da wanda surutu kawai yake yi. Daga nan na shiga kwas na samu katin gid, na yi ta neman gurbi har Allah ya sa aka kira ni Lyon.

Takardar gwaji aka ba ni. In wa'adin ya cika, ko a tabbatar da ni, ko in tattara kayana in koma ɗan ɗakina na Aubervilliers, can gefen Paris, in sake neman baƙar kwat. Shugabar sashenmu a lokacin ita ce Madam Irène, doguwar mata mai furfura, wadda ba ta yin murmushi a banza. Tana da ƙa'ida: kafin ta sa hannu a kan kowane sabon gid, sai ya kawo ƙungiyar mutanen da ba su taɓa taka gidan tarihi ba, ya zaga da su, ita kuma tana biye daga baya ba ta cewa uffan. Gidan ne ke biyan mota. Ta ce kowa zai iya yi wa malaman makaranta bayani, tunda sun riga sun yarda tun daga gida.

A lokacin muna baje kolin ayyukan wani mai zane ɗan Lyon, wanda ya rayu a ƙarni na goma sha tara. Ba shahararre ba ne, ko a Faransa ba kowa ya san shi ba, sunansa kuma yana karya harshe. Matan nan daga baya sun raɗa masa Ɗan Masaƙi, kuma da shi zan kira shi. Na zauna na mayar da bayanina duka zuwa Hausa, da shekarar haihuwarsa, da sunayen malamansa, da salon da ya bi da wanda ya bijire wa. Na haddace shi tsaf.

Ƙungiyar da na zaɓa ita ce ta 'yan ƙasarmu mazauna La Courneuve da kewaye. Na kira sakatarensu, Malam Sani, wani dattijo mai son a ce ya shirya abu. Na yi masa bayani, ya fahimta sarai, ya ce aikin alheri ne. Sai ya rubuta sanarwa a guruf ɗin wayarsu kamar haka: "Baje kolin zane a Lyon, garin siliki. Mota kyauta, shiga kyauta. Mai so ya ba da suna."

Ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Amma Bahaushe yana da zane biyu. A baki ba mai haɗa su, domin na ɗaurawa gajere ne, na alƙalami kuma jansa ake yi. A rubuce kuwa harafi huɗu ne, ba abin da ya raba su. Ku ɗora baje koli a kai, ku ƙara da garin siliki da mota kyauta, sai ku gaya mini wanne macen da ke ciniki a kasuwar Barbès ta Paris za ta karanta. Kafin yamma mota ta cika, kusan duk mata. Malam Sani ya kira ni yana mamaki, ya ce ko taron sallah ba a taɓa cika masa suna da sauri haka ba. Ni kuma na kwana ina jin daɗi, ina cewa ashe mutanenmu dama kawai suke jira.

Ranar Asabar da hantsi motar ta tsaya a bakin dandalin da ke gaban gidan. Ina tsaye da katina a wuya, Madam Irène tana saman matakala. Suka fara saukowa cikin leshi da shadda, kowace da babbar jakar nan mai ɗigo-ɗigon ja da shuɗi, wasu da keken jan kaya na kasuwa. Wata ma da tef ɗin awo a wuya. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka guzurin hanya ne.

Ta ƙarshe da ta sauko ita ce Hajiya Rabi, mutuniyar Maraɗi, mai shagon atamfa da leshi a Barbès. A gidanta na zauna watannina na farko a Faransa, ita ta koya mini shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da yadda ake amsa wa ma'aikacin ofis ba tare da an durƙusa masa ba. A cikin matan nan, in ta ce gabas ba mai cewa yamma. Muka gaisa, ta tambayi aiki da sanyi da gajiya, ta ce na rame. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ginin.

"To ɗiyata, ta ina za mu soma? Gidan ga duka na kaya ne?"

"Wane kaya, Hajiya?"

"Zannuwan mana. An ce siliki na asali, daga hannun masu yi. Ni na ruhe butik ranar Asabar, kin san ban taɓa yi ba."

Nan ne na gane abin da ya faru. Na nemi Malam Sani da ido, sai na hango shi can bayan mota ya duƙufa yana taya direba duba tayar da ba abin da ya same ta. Ashe tun a hanya ya gane inda aka kwana, ya kasa buɗe baki.

Na yi musu bayani a hankali, ina jan kalmar yadda ya kamata. Nan take dandalin ya kaure. Wata ta ce ta musanya ranar aikinta na sharar ofis da wata don ta zo. Wata ta ce 'yan'uwanta na Tawa sun turo mata saƙon kala har uku. Wata ta ce tun asuba take zaune a mota ƙafarta ta kumbura, ashe hoton bango aka kawo ta gani. Ba wadda ta zage ni, amma da zagin ya fi mini sauƙi. Madam Irène ta sauko mataki biyu ta tambaye ni da Faransanci ko akwai matsala. Na gaya mata gaskiya a taƙaice. Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce lokacinmu ya fara tafiya, akwai wata ƙungiya a bayanmu, kuma mutanen nan ni na kawo su.

Kusan rabinsu suka ja kekensu suka nufi cikin gari, wai tunda an zo garin siliki ba za a rasa inda ake sayar da shi ba. Sauran suka tsaya suna kallon Hajiya Rabi, wadda ta samu benci ta zauna ta ɗora jaka a cinya. Na san in ta miƙe ta bi waɗancan, shi ke nan, sai in je in fara naɗe kayana. Na je na durƙusa a gabanta a kan duwatsun dandalin, ban damu da wa ke kallo ba. Ban yi mata ƙarya ba. Na ce akwai siliki a ciki, tsoho, na asali, daga hannun masu yi kamar yadda aka faɗa, sai dai ba na sayarwa ba ne. Na kuma gaya mata cewa farar matar can da ke tsaye ita za ta yanke ko in zauna a aikin nan ko in tafi.

"Zanen da ba a saye, ba a ɗaurawa, na mi ne?"

"Na gani ne, Hajiya."

"Gani? Ai mun baro tele a gida."

Ta miƙe daga bencin. Sannan ta ce in tashi kada in kunyata su a gaban Anasara. Ta ce saboda ni za ta shiga, ba saboda mai hoton ba, kuma da ta gaji za ta fito.

Ƙa'ida ce ba a shiga ɗakunan da manyan jakunkuna, ana ajiye su a ƙasa a karɓi lamba. Wannan ma sai da aka yi ciniki, domin kowace jaka akwai ƙaramar jaka a cikinta. A nan ne Malama Hadiza, wadda ke koyar da yara karatun Alƙur'ani a unguwarsu, ta tambaya ko akwai hotunan mutane a ciki, don ta ji an ce mala'iku ba sa shiga irin wannan gida. Hajiya Rabi ta ce in haka ne mala'iku sun daɗe da ƙaura daga falon Malama, inda hoton jikoki ya rufe bango har ba a ganin fenti. Malama ta yi tsaki ta bi layi.

Ɗakin farko duhu-duhu ne, domin haske yana cinye launin tsohon siliki. An shimfiɗa yadudduka a kan allunan da aka jingina, akwai layi a ƙasa da ba a ƙetarewa, da na'urar da ke kuka in hannu ya matso. Ba wulaƙanci ba ne, gumin yatsa kaɗai yana iya ɓata abin da ya shekara ɗari da ɗoriya. Na faɗi wannan da farko, sannan na fara karatuna: an haife shi a shekara kaza, a unguwar masaƙa da ke kan tudu, ya yi karatu a hannun wane da wane. Ina magana ina ganin idanuwansu sun bar ni sun koma kan wani yadi mai ruwan zuma da furanni ja. Ban kai ga malami na biyu ba ƙarar ta tashi. Hajiya Rabi ce ta miƙa hannu.

Ba da gangan ta yi ba. Mai sayar da yadi da yatsa take gani, ido rakiya kawai yake yi. Amma na'ura ba ta san wannan ba. Mai gadin ɗakin ya taso, shugaban tsaro ya shigo da rediyonsa yana huci, sauran baƙi suka juyo. Hajiya ta janye hannunta ta ɓoye shi a cikin mayafi kamar wadda wuta ta ƙona. Ban taɓa ganin kunya a fuskarta ba sai ran nan, kuma ta fi ƙarar yi mini ciwo. Na waiwaya na ga Madam Irène ta juya ta fita daga ɗakin. Na ce a raina, to Maryama, Aubervilliers tana gaishe ki.

Ina cikin ba shugaban tsaro haƙuri ta dawo ɗauke da wani akwatin katako. Wannan akwati na baƙi makafi ne. A ciki akwai guntayen siliki da aka saƙa a zamaninmu da irin tsohuwar masaƙar, da irin furannin, don a taɓa. Sai an yi rajista ake fito da shi, kuma ni ko tunaninsa ban yi ba. Ta ajiye shi a kan benci, ta buɗe, ta koma bayanta ta harɗe hannu kamar ba ita ba.

Matan suka yanyame akwatin. Suka murza, suka ja, suka juya baya suka duba saƙar, wata ta shinshina, wata ta goga a kumatu. Aka fara gardamar ko zai yi wanki. Hajiya Rabi ta riƙe wani guntu ta daɗe, sannan ta tambaye ni wa ya fitar da furen, domin wanda ya fitar da shi ya san fure. Na nuna mata wata takarda a bango, cikin gilashi, inda furen nan yake da fenti, ganye bakwai ba ɗaya da ya ɓace. Na ce wannan zanen shi ya haifi wannan zanen, na ja na farko na gajarta na biyu. Karon farko ke nan da suka yi dariya tun saukarsu.

Daga nan na watsar da haddata. Na ba su labarinsa yadda ake ba da labarin ɗan unguwa. Ubansa masaƙi ne, a ɗaki ɗaya suke kwana da masaƙar, uwarsa ke naɗe zare. Da aka ga yaron yana da hannu, aka kai shi makarantar da ake koya wa yara zanen fure, ba don a rataya a bango ba, don a ba masaƙa su juya shi yadi. Ya yi shekaru yana yi wa wani attajirin siliki wannan aiki. Hajiya ta juya gefen guntun tana neman suna, yadda ake bugawa a bakin atamfa. Na ce in ma akwai suna, na attajirin ne. Ta ce kullum haka ne. A nan suka raɗa masa Ɗan Masaƙi.

Ɗaki na biyu na zamansa a Paris ne. Na ce ya gaji da fitar da fure don wani, yana so ya zama mai zane da sunansa, kuma a wancan zamanin hanya ɗaya ce: ka tafi Paris, ka kai aikinka babban baje kolin da ake yi a kai a kai, alƙalai su duba su karɓa ko su mayar maka.

"Shekara nawa ya ce ma uwarshi zai yi?" in ji Hajiya Rabi.

Na ce ba a sani ba. Abin da aka sani shi ne ya tafi da baƙin gashi ya dawo da fari.

"Biyu ya ce," in ji wata daga baya. "Kowa biyu yaka cewa."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Akwai wani zane da masananmu suka kafa a tsakiyar ɗakin don a iya zagayawa a ga bayansa. A jikin katakon akwai hatimin da alƙalan ke bugawa a kan aikin da suka ƙi. Da ƙungiyoyin Faransawa sai na yi dogon bayani a kan hatimin nan. Da waɗannan ban ƙarasa jimlar ba. Duk wadda ta taɓa bin layin ofishin takardun zama tun kafin gari ya waye ta san abin da hatimi yake yi wa mutum. Na ce an mayar masa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da aka karɓa daga baya, sai aka rataye aikin can kusa da rufi, domin a lokacin daga ƙasa har sama ake jera su, kuma na sama sai mai ciwon wuya ke ganinsa. Malama Hadiza ta ce wannan ai karɓa ce irin ta ga abinci can bisa kabad.

Tambayoyi suka yi ta zuwa, ba ɗaya daga cikin waɗanda na shirya wa. Me yake ci? Na ce yana zana fuskokin masu shaguna da matansu, da furanni a jikin mafici, abin da dai ya gudo ya bari a Lyon. Ya yi aure? Yana aika wani abu gida? Wa ya yi jinyarsa da ya kwanta? Wasu na sani, wasu ban sani ba. Gid ba ya ƙirƙira, wannan ita ce doka ta farko, don haka da na rasa sai na juya na tambayi Madam Irène. Ta amsa da Faransanci, na mayar da Hausa. Ta san mutumin nan kamar maƙwabcinta, har unguwar da ya yi haya da cutar da ta kama masa ƙirji. Kafin mu bar ɗakin ta baro baya, tana tsakiyar mata, wata ma ta riƙe mata gwiwar hannu tana tambayarta kai tsaye da irin Faransancin kasuwa.

Ɗaki na ƙarshe ƙarami ne, na bayan dawowarsa Lyon. A bangon da ke fuskantar ƙofa akwai zanen wata tsohuwa zaune kusa da masaƙa tana naɗe zare. Hannuwanta sun fito ƙwarai, har jijiya da tsagewar fata ana gani, zaren kuma kamar ka ja shi. Fuskar kuwa ta ɗan juya wajen taga, a dishe take, kamar ana hangenta ta cikin hayaƙin girki. Na ce uwarsa ce. Na sha yin bayanin zanen nan da Faransanci, ina maganar haske da inuwa, ban taɓa jin komai ba sai gajiyar ƙafa.

Hajiya Rabi ta matso har bakin layin, ta tsaya, hannunta a cikin mayafi.

"Ya iske ta?"

"Bai iske ta ba, Hajiya. Ta rasu yana Paris. Bayan ya dawo ya zana ta daga abin da ya tuna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce ita ma in ta rufe ido hannun tata uwar take gani, yana tuƙa tuwo, fuskar kuwa sai ta ɗauko hoto. Na bar bayanina a nan. Can sai Malama Hadiza ta ɗaga hannu ta ce Allah ya jiƙan iyayenmu, waɗanda muka iske da waɗanda ba mu iske ba. Aka amsa da amin, a cikin ɗakin, a gaban mai gadi. Mun wuce lokacinmu sosai, ƙungiyar da ke bayanmu tana tsaye a bakin ƙofa gid ɗinsu yana harararmu.

Da la'asar waɗanda suka shiga gari suka dawo, kowace da ɗan kallabi ɗaya ko biyu, suna mitar cewa Lyon tsada kawai gare ta, leshin Barbès ya fi. Malam Sani ya fito daga inda ya ɓuya yana kiran suna. Hajiya Rabi ta sa ƙafa ɗaya a matakalar mota, sannan ta juyo.

"Ke kuma, yaushe rabonki da Damagaram?"

Na fara jero mata dalilai, kuma duk na gaskiya ne. Da farko takardu ba su ba ni damar fita ba. Da suka fito, aikin gadin na ɗan wa'adi ne, in ka tafi wani ya hau gurbinka. Yanzu kuma ga gwaji. Innata ta tsufa, ido ya fara tafiya, amma muna magana a waya duk Juma'a. Na ce da zarar an tabbatar da ni, na ɗan zauna, zan je.

"Shi ma wancan jira ya yi a tabbatar da shi," in ji ta, ta shige mota.

A makon da ya biyo baya Madam Irène ta kira ni ofis. Rahoton shugaban tsaro yana gabanta. Ta karanta mini shi ba ragi: an tayar da ƙararrawa, an ɗaga murya, an wuce lokaci, rabin ƙungiya ba su shiga ba. Ta ce duk gaskiya ne, kuma nan gaba duk sanarwar da za ta fita da sunan gidan sai na gan ta da idona, ko da harshen aljanu aka rubuta ta. Na ce to. Sai ta buɗe aljihun tebur ta turo mini takardar tabbatarwa da biro. Ta ce ba ta ji ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa ba, amma ta ga mutanen da suka zo sayen yadi sun ƙi fita daga ɗakin da ba yadi a cikinsa, wannan ya ishe ta.

Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, yana gabana, biro a hannuna. Na ajiye biron. Na ce kafin in sa hannu ina roƙon hutun wata ɗaya, zan je gida. Ta cire tabarau ta ce sabon ma'aikaci ba ya fara aiki da hutu, kuma akwai mutum biyu da ke jiran gurbin nan, ɗayansu a shirye yake ya fara gobe. Na ce na sani. Ta tambaye ni ko wani ne ba shi da lafiya. Na ce a'a, kowa lafiya, shi ya sa nake so in je yanzu. Ta mayar da tabarau ta dubi takardar. Sannan ta jawo ta, ta soke ranar fara aiki, ta rubuta ta watan gaba, ta ce wannan watan ba albashi, kuma in na ƙara kwana ɗaya kada in nemi ofishinta.

Abin da ranar nan ta koya mini game da aikinmu ba mai yawa ba ne, amma ya riƙe ni har yau. Ba baƙon da ke shigowa hannu wofi, kowa da abin da ya zo nema, ko da ba shi muke da shi ba. Aikin gid shi ne ya gano ta ina abin da ke bango ya taɓa abin da mutum ya shigo da shi, sannan ya matsa gefe. Shekarun haihuwa da sunayen malamai suna nan a rubuce a jikin bango, mai so zai karanta. Kuma kada ku ɗauka don kuna da kati a wuya zanen ba da ku yake magana ba. Na yi watanni ina tsayawa a gaban tsohuwar nan kullum, sai da mai shagon atamfa ta zo daga Barbès sannan na ji abin da take faɗa.

Na sauka Damagaram ana tsakiyar damina. Na iske Inna zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake da lalube. Ido ya tafi gaba ɗaya, abin da ba wanda ya gaya mini a waya, amma tun kafin in yi sallama ta gane takuna ta kira sunana. Na yi watan nan a gefenta, ina kallon fuskarta har ta ce in daina, tana jin idona a jikinta. Ba ta ga damina ta gaba ba.